Musayar Waƙa: Kayen Nolan Ryan da na Don Sutton

Mai buɗe zaure:

Assalamu alaikum. A wasan besbol na Amurka, ana rubuta wa mai jifa shan kaye ne idan a hannunsa aka ci makin da ya sa abokan karawa gaba har aka tashi. Amsa-amonmu na yau "wa" ne.

Nolan Ryan da Don Sutton, 1966 ce shekararsu ta farawa,
Kowannensu ya tara nasara 324 kafin ya ajiye ƙwallo ya koma hutawa.
Sutton ya sha kaye sau 256, Ryan kuwa sau 292 aka rubuta masa faɗuwa,
Wannan tazara ta 36, ya ku malamai, za a ɗora alhakinta a kan wa?

Dattijon zaure:

Ɗana, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ko da mai hannun gwarzo ne wajen ɗagawa,
Mai jifa tsaron gida ne aikinsa, cin maki na masu sanda ne, su ke bugawa.
Ka dubi 1987 a Houston, inda maki 2.76 kacal ake ci a hannun Ryan a zagaye tara na fafatawa,
Duk rukunin National babu wanda ya kamo shi, amma da nasara 8 da kaye 16 ya kai ƙarewa.
Kafin nan ya yi shekara 8 a California Angels yana sakin ƙwallo kamar tsawa,
A shida daga ciki kayen ƙungiyar ya fi nasararta, don sandunanta ba sa ramawa.
Sutton kuwa ya sha inuwar Dodgers, waɗanda suka kai wasan ƙarshe a 1974, 1977 da 1978 yana cikin masu jefawa.

Malamar lissafi:

Baba, a gafarce ni, na karɓi rabin zancenka, ɗaya rabin yana da sauran dubawa.
Ryan ya fitar da masu sanda 5,714, adadin da har yau babu mai kaiwa,
Amma sau 2,795 jifarsa ta kauce har huɗu, mai sanda ya taka tushen farko kyauta, babu wahalar bugawa.
Sutton ko rabin haka bai bayar ba, domin saiti ya riƙe, ya bar wa Ryan tsoratarwa.
Wanda ya buɗe wa baƙo ƙofa da hannunsa, in kaya sun ɓata, kansa zai fara tambaya kafin kowa.

Ɗalibi:

Malama, ni a ganina yawan kaye a wannan wasa alama ce ta daɗewa,
Domin rago tun da wuri ake sallamarsa, ba ya samun damar tarawa.
Cy Young ya fi kowa kaye, shi kuma ya fi kowa nasara, 511, har kambin masu jifa sunansa ake sawa.
Shi da Pud Galvin kaɗai ke gaban Ryan a yawan kaye, Walter Johnson da 279 yana biyowa.
Ryan kaka 27 ya yi, Sutton 23, ashe ba nan tazarar take fitowa?

Mai buɗe zaure:

Ƙanena, shekaru suna ruɗi, wasannin da kowa ya fara su ne abin ƙirgawa.
Ryan ya fara 773, Sutton 756, bambancin 17 ne bayan an gama cirewa,
Ko da duka 17 ɗin kaye ne, saura 19 suna nan suna jiran mai warwarewa.

Dattijon zaure:

'Yata, na sallama miki batun kyautar tushe, ɗalibi kuma lissafi ya hana shi tsayawa.
Sauran 19 ɗin ku raba tsakanin hannun Ryan da sandunan Angels, ni na fi ɗora wa sandunan nauyin rabawa.
Masu zaɓen zauren girmamawa na Cooperstown ma ba kayen suka tsaya aunawa,
Sutton sai a karo na biyar, a 1998, suka buɗe masa ƙofar wucewa,
Ryan, mai wasa bakwai da ba a samu bugu ko ɗaya a hannunsa ba, a 1999 karon farko ya shige da kusan kashi 99 na amincewa.