Kaset ɗin Baba ya tsinke a rediyo, wa ya taɓa ceto irinsa?

'Yar Autar Baba: Assalamu alaikum jama'a. Da muka zo rabon kayan mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, mun buɗe adakarsa muka tarar da kaset 43. Yawanci tafsiri ne, amma akwai guda da ya rubuta wa "saƙon Inna daga Makka". Kakarmu ce, ba ta iya rubutu ba, sai ta yi magana a kaset a ba alhazai su kawo. Ɗoki ya sa na aro rediyon maƙwabta na zura. Na ji sallamarta, ta fara gaishe da mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sai murya ta yi kauri kamar ta mai maye, rediyo ya tauna zaren. Na ja, ya tsinke. Tun jiya ban taɓa sauran ba.

Mai Gyaran Rediyo: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba da Inna. Hajiya, kwantar da hankalinki, tsinkewa ba mutuwa ba ce. Zaren kaset na C90, wato mai minti 90, ya haura mita 120, kuma a daƙiƙa guda santimita 4.76 kaɗai yake tafiya. Ko kin yi asarar kamu ɗaya, 'yan kalmomi ne suka tafi. Kuma sau da yawa laifin na rediyon ne. Akwai wata 'yar tayar roba da ke matse zaren tana jansa. In ta tsufa ko dai ta ƙandare ko ta yi danƙo, sai zaren ya nannaɗe a jikinta. Ni kafin in sa tsohon kaset sai na goge tayar da kan da ke karanta sauti da auduga da sifirit, in gwada da kaset ɗin da ba na jin asararsa. Ki kuma leƙa tsakiyar bakin kaset ɗin, akwai ɗan soso a kan siririn ƙarfe. Gam ɗinsa kan bushe ya faɗi, murya ta dishe, mutum ya ɗauka kaset ya mutu alhali soson ne kawai.

Ɗan Damagaram: Mu da jan farce muke haɗa zare muna yara, ko salatif, a naɗe da biro. Yana yi fa!

Mai Gyaran Rediyo: Yana yi na mako biyu, ɗan'uwa. Gam ɗin salatif yana tsatsafowa ya manne wa zaren da ke kusa, ya ɓata kan rediyo. Akwai salatif na musamman na haɗa zare, kuma a bayan zaren ake liƙa shi, ba a fuskar da ke gogar kan ba.

Maman Biyu: Ni na bidiyon bikina ne. Ya yi shekaru a ƙasan gado, ɗakin kuma yana tsatsafo da damina. Da na ɗauko, ta 'yar tagar nan na hango fari-fari kamar an barbaɗa gari a gefen zaren. Fumfuna ce. Ban sani ba na sa a bidiyon yayata, bai nuna komai ba sai yayyafi, kuma duk kaset ɗin da aka sa bayansa haka ya riƙa yi har sai da aka kai gyara. Har yau tana min gori. In kin ga farin nan ki ware shi daban, kada ki hura da baki, kada ki shaƙa.

Ɗan Damagaram: To a shanya a rana mana? Na ji Turawa har gasa shi suke yi.

Tsohon Ma'aikaci: Haba ɗana, rana kuma? Ranar watan Afrilu sai ta lanƙwasa gidan kaset ɗin kafin la'asar. Bari in faɗi abin da na gani a shekarun da na yi a ɗakin ajiyar sauti na wani gidan rediyo. Zaren nan hawa-hawa ne: leda a ƙasa, sai garin ƙarfe mai kama da tsatsa wanda shi ke riƙe sautin ta hanyar maganaɗisu, sai gam da ya haɗa su. Gam ɗin ne ke shan laimar iska ya ruɓe. Mun fi ganin haka a manyan faya-fayan zare na shekarun 1970 da 1980: kana sawa ka ji yana ƙiiii, kan na'ura ya cika da baƙin danƙo. Wannan danƙon muryar mutum ce ke kankarewa, kuma ba ta dawowa. Gashin da ka ji gaskiya ne, amma a na'ura mai tsayayyen zafi ake yi, wajen digiri 54, na tsawon sa'o'i, kuma sauƙin na ɗan lokaci ne, a samu a kwafe. Ƙananan kaset irin na Hajiya ba kasafai suke buƙatarsa ba. Sannan zaren da ya girme waɗannan, mai warin tsami, in ka gasa shi ka kashe shi.

Wani abin dariya, wani yaronmu ya taɓa rantsuwa akwai aljani a faifai, wai yana jin maganar can ƙasa-ƙasa kafin mai maganar ya buɗe baki. Zaren ne ya daɗe a naɗe, hawa ɗaya ya buga wa na kusa da shi hatimi. A zarce da shi ƙarshe a dawo da shi sau biyu ko uku, yana raguwa.

'Yata, abin da zan roƙe ki: ki ɗauka sawa ta gaba ita ce ta ƙarshe. A jona rediyon da kwamfuta tukuna, a danna ɗauka, sannan a kunna. Na'urorin ma ƙarewa suke yi, shi ya sa hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi yekuwa kan haka a 2019. Sauran kuma a jera su a tsaye cikin gidajensu, nesa da sifika, a ɗakin da ba zafi ba laima. Masu C120, wato masu minti 120, a lallaɓa su, zarensu ya fi sirantaka.

Malamar Islamiyya: Ki ɓalle 'yan haƙoran nan biyu na saman kaset ɗin. Ƙanena ya danna jan maɓalli bisa kuskure, ya ɗora surutunsu a kan karatun saukata.

'Yar Autar Baba: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yau na kai wa wani dattijo mai gyara a kasuwa. Ya kwance kusoshi biyar, ya mayar da zaren cikin wani gida, ya yanke wajen da ya yamutse ya haɗa. Mun kwafe duka fuska biyun. Inna ta yi minti 20 tana lissafa wanda za a ba tasbaha da wanda za a ba zamzam, har da faɗan kada a sayar mata da akuya. Sunan mutum ɗaya ne ya tafi a wurin yankan, yanzu gwaggonnina biyu kowacce ta ce nata ne.