Na haɗa wayar intanet biyu, sai yankewa take yi

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa, don Allah a taimaka. Ina Hindawiya nan Jidda, ɗakina a saman bene, rauta (na'urar raba intanet) kuma tana ƙasa wajen yayana. Shi ke biyan kuɗin wata tun zuwan iyalina, kunyar sake ɗora masa nauyi nake ji. Waya biyu gare ni, mita 40 da mita 30. Na fere bakinsu, na murɗa kowace kala da 'yar'uwarta, na naɗe da salatif. Kwana uku lafiya lau. Yanzu kwamfuta megabit 100 take nunawa maimakon 1000, da azahar kuma ɗif. Ga kamara ina son sawa a kanta.

Mai jan waya: Wa'alaikumussalam. Malam, wannan ba wayar lantarki ba ce. Sili takwas ne a ciki, an murɗe su biyu-biyu don su kashe hayaniyar da ke shigowa daga waje, kuma wurin haɗi ba a warware murɗin fiye da milimita 13. Gudun 1000 sai da takwas ɗin duka, 100 kuwa huɗu sun isa: na 1, 2, 3 da 6. Ke nan shuɗi ko ruwan ƙasa ya saki. Zafin azahar kuma yana sassauta gam ɗin salatif, haɗin ya motsa. Ka ja waya ɗaya Cat6 (wani nau'in wayar intanet), mita 70, tagulla zalla, mai baƙar riga ta waje.

Wani mamba: Oga, abin bai kai nan ba. Mita 70 ba ta kai iyakar tsawon waya, mita 100, ba. Ya yanke wurin, ya matsa kan RJ45 (kan roba da ake sokawa a kwamfuta) a kowane baki, ya haɗa da kwafla (ƙaramin mahaɗi mai rami biyu). Ya jera silin a cikin kan da tsarin B: fari-lemo, lemo, fari-kore, shuɗi, fari-shuɗi, kore, fari-ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Ya gwada da testa (na'urar gwada waya), fitila takwas su kama a jere.

Mai jan waya: Kwafla a saman bene, a laimar Jidda? Ƙarfen ciki zai ci, balle ga wutar kamara, wadda ita ma ta cikin wayar intanet ɗin ake tura ta, tana bi ta nan. Abin da ke ƙona min rai ma, kasuwa ta cika da wayar alminiyam da aka shafa wa tagulla, an rubuta Cat6 a kwali. Kankare sili ɗaya da wuƙa, in ka ga fari a ciki ita ce. Karyewa take, wutar kamara kuma tana raguwa a hanya.

Mai tambaya: Amma ai ta yi aiki kwana uku, kuma na murɗa da kyau. Ta 40 ɗin tana cikin bututu a bango, mai gida ba zai yarda a taɓa ba.

Mai sa kamara: To ɗan'uwa, in akwai soket kusa da mahaɗar, sa ƙaramin suwic (akwatin da ake soka wayoyin intanet) mai baki 5, mai ba kamara wuta. In babu, akwatin haɗi da ake danna sili a ciki ya fi kwafla, a rufe shi a inuwa. Me aka rubuta a jikin wayoyin? Haɗin a waje yake?

Mai tambaya: Rubutun ya goge. Haɗin yana bayan tankin ruwa, babu soket. In na ƙara salatif mai kyau fa?

Mai jan waya: Malam, ba salatif ne matsalar ba. Kankare silin nan tukuna.