Maigida ya bar giya yau kwana uku, amma barci ya gagare shi

Uwargida A.:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu ilimin lafiya a taimaka min, kuma a yi min uzurin ɓoye suna. Maigidana ya shekara kusan takwas yana shan giya, kullum da dare manyan kwalabe huɗu, wani lokaci ya ɗora da ta leda. Allah ya shirye shi, ya ce ya bar ta, yau kwana na uku ke nan bai taɓa ba. Sai dai tun daren farko bai runtsa ba. In ya ɗan gyangyaɗa sai ya farka a firgice, gumi sharkaf, hannunsa na rawa har kofin shayi ba ya iya riƙewa. Jiya ya fara cewa ko dai ya sha kwalba ɗaya tak don barci ya zo, ko in je kemis in sayo masa ƙwayar barci. Ni na ɗauka barin ta zai gyara masa barci ne, sai ga shi ya ƙara lalacewa. Haka ake yi? Har yaushe? Kuma in sayo ƙwayar?

Malamar Jinya:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ƙara masa ƙarfin zuciya, ke kuma ya saka miki. Kafin a zo maganar barci: ki kai shi asibiti yau ɗin nan, kada ki ce sai gobe.

Jikin da ya saba da giya kullum yana da jadawalinsa idan aka yanke masa ita lokaci guda. Awa 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe ake fara rawar hannu, gumi, tashin zuciya, faɗuwar gaba da rashin barci. Cikin kwana biyun farko wasu sukan yi jijjiga irin ta farfaɗiya, ko da ba su taɓa yi ba. Mafi hatsari shi ne tsakanin awa 48 zuwa 96, wato daidai inda maigidanki yake yanzu. A nan ne mutum yake iya ruɗewa, ya kasa gane inda yake ko waɗanda ke gabansa, ya riƙa ganin ƙwari ko macizai a bango, jikinsa ya yi zafi, zuciya na gudu, jini ya hau. Ba kowa ne yake kaiwa nan ba, amma wanda ya kai, in ba a kula da shi ba, yana iya rasa ransa. Hatsarin ya fi yawa ga wanda ya taɓa jijjiga a baya, ko ya sha bari yana komawa, ko yakan sha da safe don rawar jiki ta lafa.

Kuskure biyu ne suka fi cinye lokaci a gidajenmu. Ana ganin gumi da karkarwa sai a ce zazzaɓin cizon sauro ne. Ana ganin sambatu da gane-gane sai a ce iska ce, a kwana ana hayaƙi. Ki yi masa addu'a iya ƙarfinki, amma a gadon asibiti.

In kun je, a faɗa wa likita gaskiya: kwalba nawa a rana, shekara nawa, da ranar da ya sha ta ƙarshe har da ƙarfe nawa. Na san nauyin faɗin wannan a wurinmu, amma da wannan bayanin ne kaɗai likita zai san a wane mataki yake. Za a duba jini, bugun zuciya, zafin jiki da sukari. Yawanci ana ba da maganin kwantar da ƙwaƙwalwa mai suna dayazifam ko ɗan'uwansa na kwana 5 zuwa 7, ana rage shi kullum har ya ƙare. Ana kuma ba da bitamin B1, sau da yawa ta allura, domin mai shan giya yana da ƙarancinsa. Wannan ne ya sa nake roƙonki kada a kira wani ya ɗaura masa ƙarin ruwa mai sukari a gida: sukari a jijiya ba tare da B1 ba yana iya jawo lalacewar ƙwaƙwalwa. In idonsa ya yi ɗorawa ko cikinsa ya kumbura, ki nuna wa likita, don akwai maganin da ya fi dacewa da mai raunin hanta.

Sashen gaggawa na kowane babban asibiti zai iya karɓarsa. Don kulawar da za ta biyo baya akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato, na Maiduguri, na Dawanau a Kano, da sashen ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa irin su Aminu Kano da na Shika.

Dakta B.:

Maganar Malama ita ce ta farko, a bi ta. Ni zan amsa ɗayar tambayar, don in maigida ya fahimci abin da ke faruwa da shi, zai daina ganin kwalba a matsayin magani.

Barcin dare zagaye ne huɗu ko biyar, kowanne kamar minti 90. A farkon dare barci mai nauyi ne ya fi yawa, shi ne mai huce gajiya. Wajen asuba kuma barcin mafarki ne ya fi yawa, wanda yake gyara tunani da yanayin zuciya, kuma yakan ɗauki kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na daren. Giya tana ƙara ƙarfin sinadarin GABA mai kwantar da ƙwaƙwalwa, tana danne gulutamet mai zaburar da ita. Saboda haka mai sha yana saurin yin barci, wannan gaskiya ne, kuma shi ne abin da yake ruɗar mutane. Amma tana danne barcin mafarki, tana sa yawan fitsari, tana kuma sakar da tsokar maƙogwaro har minshari ya ƙaru, numfashi ya riƙa yankewa.

Ga lissafin. Babbar kwalba mai santilita 60, mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari, tana ɗauke da kusan giram 24 na barasa zalla. Hanta tana ƙone kamar giram 7 zuwa 10 a awa. Wanda ya sha kwalba biyu da ƙarfe tara, wajen ƙarfe biyu ko uku na dare barasar ta kusa ƙarewa a jininsa, sai ƙwaƙwalwa ta zabura, ya farka ido biyu yana juye-juye. Mai kwalba huɗu, kusan giram 95 ke nan, yakan wayi gari da saura a jikinsa, a gajiye ko da ya yi awa takwas a kwance.

Idan aka shekara a haka, ƙwaƙwalwa tana rage jin GABA, tana ƙara gulutamet, don ta iya aiki duk da giyar. Kamar dokin da aka daɗe ana ja masa linzami ne, ya saba turjewa da dukan ƙarfinsa; ranar da linzamin ya tsinke, sai sukuwa. Rawar hannun, gumin, firgitar da rashin barcin duk daga nan suke.

Makon farko shi ne mafi muni. Daga mako na biyu rawar jiki da gumi sukan lafa, amma barci yana zuwa a guntule, da mafarkai masu ƙarfi, saboda barcin mafarkin da aka daɗe ana dannewa ya dawo da yawa. Zai iya mafarkin yana shan giya har ya farka yana jin ɗanɗanonta. Ki gaya masa tun yanzu cewa wannan ba alamar tubansa bai yi ba ne, da yawa daga cikin masu barin ta suna yin sa, kuma yana raguwa. Tsakanin wata ɗaya zuwa uku yawanci sukan ga bambanci a fili: ba tashi fitsari barkatai, minshari ya ragu, kai ya yi sakayau da safe. Barci mai nauyin ne yake jinkirin dawowa. Ga wanda ya daɗe yana sha, yakan ɗauki watanni, wani har ya haura shekara. Na faɗi wannan ne don rashin barci yana cikin manyan abubuwan da ke mai da mutane ga giya, galibi saboda ba a gaya musu zai daɗe ba. Kwalba ɗayar da yake magana za ta ba shi barcin awa uku ko huɗu, sannan a sake lissafi daga farko, kuma kowane sabon bari yakan fi na baya wahala.

Mai Haɗa Magunguna:

Hajiya, kada ki sayo. Maganin da likita zai ba shi da wanda za a ba ki a kemis suna iya zama iri ɗaya, bambancin yana wajen awo da lokacin tsayawa. Dayazifam, wanda ake ce wa D5, wuri ɗaya yake taɓawa da giya a ƙwaƙwalwa. In aka wuce 'yan makonni ana sha, jiki ya kama shi, barinsa ma yana kawo jijjiga. In kuma ya haɗu da giya, numfashi yana iya tsayawa cikin barci. Roche, wata ƙwayar barci danginsa, ta fi shi muni. Tiramol yana sauƙaƙa zuwan jijjiga, ga mutumin da dama yake bakin ta. Ruwan tari mai kodin shi ma danne numfashi yake yi, ga saurin kama jiki. Piriton yana sa gyangyaɗi na 'yan kwanaki, daga nan ya daina aiki, ya bar bushewar baki da nauyin kai. Haɗin gargajiya na kwalba kuma a yi hattara, wasu da barasa ake jiƙa su.

In an sallamo ku da magani, ke za ki riƙe shi, ki ba shi na kowane lokaci a hannu, kada a ƙara ko ƙwaya ɗaya a kan abin da aka rubuta, kada kuma a je a sayo ƙari in ya ƙare. Idan bayan wata guda barcin bai daidaita ba, a koma wurin likitan. Akwai magungunan da ake zaɓa wa wanda ya bar giya, akwai kuma masu rage sha'awarta, amma sai an duba hanta da ƙoda tukuna.

Uwargida A.:

Allah ya saka muku da alheri. Mun je, sun kwantar da shi, sun ce jininsa ya hau sosai. Yanzu ya samu ya ɗan yi barci. In mun koma gida me zan tsara masa? Shi mai shayi ne da goro, ga sigari, kuma na san zai ce zai rama barcinsa da rana.

Dakta B.:

Alhamdu lillahi. To Hajiya, abu mafi ƙarfi a hannunki shi ne lokacin tashi, ba lokacin kwanciya ba. Ya tashi lokaci ɗaya kullum, ko daren ya yi kyau ko bai yi ba. In da asuba yake tashi, kada ya koma bayan salla har hantsi, don wannan komawar ce take cinye barcin daren da ke tafe. Gari na wayewa ya fita ya sha hasken rana, tafiyar minti 20 zuwa 30. Hasken safe ne yake saita agogon jiki, wanda giya ta rikita. Ƙailula ba laifi, amma kada ta wuce minti 30, kuma kada ta kai la'asar.

Shayi, ataya, Nescafé, goro da lemon ƙara kuzari duk suna da kafeyin, sinadarin da ke hana barci. Bayan kamar awa 5 rabinsa yana nan a jini, don haka goron la'asar yana aiki har ƙarfe goma na dare. Daga azahar a rufe wannan babin. Sigari ma mai zaburarwa ce. In bai shirya barin ta yanzu ba, aƙalla kada ya sha dab da kwanciya ko in ya farka tsakar dare. Ya ci abincin dare awa biyu ko uku kafin kwanciya, ya rage ruwa daga isha'i. Zai yi kwaɗayin zaƙi sosai a makonnin farko, a ba shi dabino ko 'ya'yan itace da rana maimakon lemon kwalba da dare.

Kada ya kwanta sai ya ji barci na fizgarsa. In ya yi kamar minti 20 bai yi ba, ya tashi ya zauna a wani wuri mai ƙarancin haske, ya ja carbi ko ya saurari karatu a hankali, ban da waya, sai barcin ya dawo ya koma. Dalilin shi ne, wanda ya saba kwana yana juyi a kan gado, ƙwaƙwalwarsa tana haɗa gadon da damuwa, ya zama yana hawa ido ya bushe. A juya agogo, a ɗaura gidan sauro, a samar wa ɗakin iska.

Sai lokacin da ya saba fita sha, tsakanin magariba da goma. A cike shi da wani abu takamaimai: masallaci, zama da yara, ziyarar wani ɗan'uwa da ya san halin da ake ciki. Barin sa shi kaɗai a wannan lokacin ya fi komai hatsari.

Malamar Jinya:

Ƙari kaɗan a kan maganar Dakta. Wannan tsarin a fara shi a hankali bayan an gama maganin asibiti. In ya yi jijjiga a wannan karon, kada a takura masa da hana barcin rana sai likitansa ya yarda, don rashin barci shi ma yana tayar da ita. Kada ya tuƙa mota ko babur muddin yana kan dayazifam.

Ke ce kike kusa da shi da dare, don haka ki sa ido a kan abu uku. In bayan wata guda har yanzu yana minshari mai ƙarfi, numfashinsa na ɗaukewa ya dawo kamar an shaƙe shi, ga barcin rana da hawan jini, ki faɗa wa likita, wannan ciwo ne daban da giya ta ɓoye. In gumin dare ya wuce mako biyu ko uku, da tari da rama, a yi masa gwajin tarin fuka, don masu shan giya sun fi kamuwa da shi, kuma gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. In kuma yana farkawa tun kafin asuba da ƙuncin zuciya, ba ya son cin abinci ko magana, a koma sashen ƙwaƙwalwa. Ranar da ya ambaci gajiya da rayuwa, kada ki jira ranar da aka ba ku, ki kai shi a ranar.