Likita na zargin muzuruna na da ciwon suga, wa ya taɓa jinyar irin wannan?

Maman Sadik:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah kada a yi mini dariya, na sha ta isasshiya a gida. Ina da muzuru, Goje, shekararsa 9, na marigayiya Innarmu ne, shi ya sa ba na iya kallonsa a haka. Da jibgege ne, kilo 6 da rabi, an dandaƙe shi tun yana ƙarami, aikinsa kwanciya a ƙarƙashin kujera. Tun bayan babbar salla ya fara shan ruwa kamar raƙumi, har bokitin banɗaki yake leƙawa. Yashin kaskonsa da nake sauyawa bayan kwana uku, yanzu kullum a jiƙe sharkaf, kuma kiyashi ya yi masa baƙi ƙirin. Yana ci kamar ba gobe amma sai ramewa yake, ƙashin bayansa duk ya fito. Abin da ya ɗaga mini hankali shi ne tafiyarsa: ƙafafun baya sun kwanta, yana taka ƙasa da dunduniya kamar zomo.

Na kai shi asibitin dabbobi nan Zariya, aka auna sugan jininsa, ya kai 380. Likita ya ce a dawo a ƙara wani gwajin, kuma wataƙila sai allurar insulin safe da yamma. Tambayata, wai da gaske mage na yin ciwon suga? Surukina yana shan ƙwayar maganin suga, metformin, ba zan iya ɓallar masa kwata ba? Ga kuma wuta, unguwarmu sai mu kwana biyu ba mu gan ta ba, a ina zan ajiye allurar?

Ɗan Birni:

Hajiya, Allah ya ba da lada, amma mutane ma da ƙyar suke sayen insulin, balle mage! Ki daka masa tafarnuwa da albasa ki zuba a abinci, kakata da su take saukar da nata.

Likitan Dabbobi:

Wa alaikumus salam Hajiya. Bari in fara da ɗan uwa na sama: tafarnuwa da albasa guba ne ga mage, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jininta. Haka ma farasitamol, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Metformin ɗin Baba kuwa ki bar masa abinsa, ba ya yi wa mage aikin kirki, sai amai da ƙin abinci.

Da gaske ne suna yi, kuma irin nasu ya fi kama da na manyan mutane mai zuwa tare da ƙiba. Goje ya haɗa duk abin da ke jawo shi: namiji, dandaƙaƙƙe, ya manyanta, ga teɓa, ga rashin motsi. Sugan da ya yi yawa a jini ne ƙoda ke zubarwa ta fitsari, ya ja ruwa ya tafi da shi, shi ya sa ƙishirwa, shi ya sa kiyashi. Takun dunduniyar nan jijiyoyi ne suka taɓu, kuma sau da yawa yakan gyaru a hankali in sugan ya daidaita.

Abokin aikina ya yi daidai da bai yanke hukunci da 380 kaɗai ba. Mage dabba ce mai tsoro, shiga kwando da ƙarar Keke Napep kawai kan iya harba suganta sama. Gwajin da ake kira fructosamine yana nuna yadda sugan ya kasance a makonni biyu zuwa uku da suka wuce. A duba fitsari da ƙoda ma, domin ciwon ƙoda a tsohuwar mage yana zuwa da irin wannan shan ruwan. Ki kuma tuna ko an taɓa yi masa allurar dexamethasone don ƙaiƙayi, ita ma tana tayar da suga.

Yanzu ga inda nake so ki saurara da kyau. Ba ki faɗi abin da yake ci ba, amma na san gidajenmu: ragowar tuwo, shinkafa, taliya, burodi da shayi. Mage maciyar nama ce zalla, jikinta bai san kan sitaci ba. Ki koma ba shi dafaffen nama, kaza, zuciya, ƙwai, kifi dafaffe, ba gishiri ba magi ba yaji, hanta kaɗan-kaɗan. In da hali, abincin gwangwani na mage ya fi busasshen na buhu, kuma ya fi tsoka zalla cikar abubuwan gina jiki. Amma kada ki horar da shi da yunwa don ya saba, mage mai ƙiba in ta kwana biyu ba ci, kitse kan taru a hantarta. Kuma in an riga an fara allura, kada ki sauya abinci ba da sanin likita ba, don buƙatar insulin ɗin za ta ragu.

Allurar ba abin tsoro ba ce. Ana ɗaga fatar gefen jiki a soka ƙarƙashinta, duk awa 12, kuma da ɗan kaɗan ake farawa. Ki lura da sirinji: akwai insulin mai lamba U40, akwai U100 irin su Lantus wanda ya fi shi ƙarfi, kuma kowanne da nasa sirinjin. In kika ja U100 da sirinjin U40, kin ba shi ninki biyu da rabi ke nan. Albishir ɗin shi ne wasu magunan, in an kama ciwon da wuri kuma an gyara abinci, sukan kai matsayin daina allura, abin da da wuya ka gani a kare. Ranar da ya ƙi abinci, yana amai, ya yi laushi, kada ki jira gari ya waye.

Baban Yusra:

Anti, ni na yi shekara guda ina wannan aikin da kyanwarmu a Kaduna. Maganar wuta, kwalbar nake sa wa a robar da ke rufuwa ruf, in binne a jiƙaƙƙen yashi cikin tukunyar ƙasa, a inuwa, ina yayyafa ruwa. Lantus da aka buɗe an rubuta tana yin kwana 28 in zafi bai wuce digiri 30 ba, to ke kin san watan Afrilu. Kada kuma ki jingina ta da ƙanƙara, in ta daskare ta lalace.

Kuskuren da ya kusa kashe mana ita: wata safiya na yi mata allura na fita masallaci, uwargida ta tashi ba ta sani ba ta ƙara. Wajen ƙarfe goma sai ga ta tana tangaɗi kamar mashayi, ido ya kafe, jiki na rawa. Suganta ne ya faɗi ƙasa warwas, sai na lakato zuma da yatsa na goga mata a dasashi, ban ɗura mata ba don kada ta shaƙe, muka ruga asibiti. Tun ranar muka rataye kalanda a ƙofar kicin, wanda ya yi allura ya ja layi. Ki sayi na'urar awon suga, a gefen kunne ake ɗan tsira, in kin murza kunnen ya yi ɗumi jinin ba ya wahalar fita.

Maman Sadik:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Likita, ka kama ni dumu-dumu: tuwon masara da miyar kuka ne abincinsa tun zamanin Inna, kuma Sadik yana tsoma masa burodi a shayi kowace safiya. Na hana shi yau, har da kukansa. Na dafa wa Goje zuciyar kaza da ƙwai, ya shinshina ya kalle ni, ya tafi bakin tukunyar tuwo ya zauna. Sai da azahar ya dawo ya cinye. Ranar Litinin za mu koma gwajin. Baban Yusra, yashin tukunyar nan sau nawa kake jiƙa shi a rana?