Shiga mafarki da saninka: tun kwanciyar farko, ko sai dare ya raba?

Baban Amira, Kawo: Salamu alaikum 'yan uwa. Ana ta yaɗa cewa idan ka kwanta rigingine da daddare, ka ƙi motsi ko da jiki na ƙaiƙayi, cikin rabin awa jiki zai yi barci ya bar hankali a farke, ka zarce cikin mafarkin da ka san mafarki ne. Ni dai na yarda. Mutane da yawa suna ganin ɗigon haske da fuskoki kafin barci ya kwashe su, ai ƙofar ke nan.

Maman Sadik, Barnawa: Wa alaikumus salam. Baban Amira, hanyar tana nan, lokacin da ka ba ta ne ba nata ba. Mafarki mai tsawo da labari yana zuwa a matakin da likitoci ke kira REM, inda ido ke motsi da sauri a ƙarƙashin fata. Na farkonsa sai an yi kusan minti 90 ana barci, kuma da ƙyar yake kai minti 10. Kafin shi akwai barci mai nauyi, wanda hankali ba ya ƙetarewa a farke. Masu faɗawa REM da zarar sun kwanta yawanci masu ciwon nakolefsi ne, wato ciwon da barci ke kwashe mutum ba zato da rana, ko wanda ya tara bashin barci.

Baban Amira: To fuskokin da ake gani fa?

Maman Sadik: Na bakin barci ne, daƙiƙu kaɗan suke yi su watse. A farkon dare barci mai nauyi ne ke biye da su. Mai jiransu ƙarfe goma, ko ya yi barci bai sani ba, ko ya kai sha biyu yana juyi.

Kawun Yara, Tudun Wada: Gaskiyar Hajiya ce. Ga yadda ake yi. Ka kwanta ƙarfe goma, ƙararrawa ta tashe ka ƙarfe uku, bayan awa biyar ke nan, lokacin da zangon REM ya fara tsawo. Ka sauko daga gado, ka yi minti 20 zuwa 30 cikin haske kaɗan, ban da latsa waya. Mai nafila ya yi abarsa. Ka koma ka sassauta jiki daga yatsun ƙafa zuwa muƙamuƙi, sannan ka riƙa ƙirge a zuci: ɗaya, mafarki nake; biyu, mafarki nake. Idan hotuna suka fara zuwa, kada ka bi su da ido, don ƙura musu ido yana farkar da kai. Ka bari su haɗu su zama wuri, sai ka yi niyyar taɓa wani abu a ciki, ka murza tafin hannunka. Yawu ya taru, haɗiye abinka. Danne shi ya fi hana barci. Goro da shayi kuma a bar su tun azahar, domin rabin sinadarin caffeine mai hana barci da ke cikinsu yana nan a jini bayan wajen awa biyar.

Anti Nas, Malali: Kawu, ban yarda a tura sabon shiga wannan hanya ba, musamman a rigingine. Kwanciyar da dannau ya fi zuwa a cikinta ke nan. A REM ƙwaƙwalwa tana kashe ƙarfin tsokoki don kada mutum ya aikata mafarkinsa. Idan hankali ya farka a wannan hali, sai a ji nauyi a ƙirji, kunne na ƙugi, wani har ya ga inuwa a ɗaki. Numfashi bai tsaya ba, kuma yana saki cikin daƙiƙu ko 'yan mintuna, amma mai tsoro zai wahala. Ya kwanta ta gefen dama, in ya zo ya motsa yatsa ɗaya.

Baban Amira: Ai cewa ake sai ta dannau ake shiga.

Anti Nas: Ba sharaɗi ba ne. Akwai hanyar da Stephen LaBerge ya tsara a Jami'ar Stanford wajen 1980: bayan tashin nan na tsakar dare, ka tuno mafarkin da ka farka daga ciki, ka maimaita niyyar cewa in ka sake mafarki za ka gane, ka bar barci ya ɗauke ka kamar kullum. A binciken Denholm Aspy na Jami'ar Adelaide a 2017, da mutum 169, masu haɗa wannan da tashi bayan awa biyar da gwajin farke da rana (wato yawan bincika ko farke kake ko mafarki) sun dace a kashi 17 cikin 100 na darensu. Waɗanda barci ya ɗauke cikin minti biyar da gama niyyar sun kai kusan kashi 46. Saurin komawa barci ne ya taimaka, ba yaƙi da shi ba.

Kawun Yara: Na karɓi alkaluman, Anti, amma hanyar ƙirge tana da amfaninta: kana shiga da saninka tun farko. Abu guda, a kula da farkawar ƙarya. Za ka ga ka tashi a ɗakinka alhali mafarki ne. Toshe hanci ka ja numfashi. In iska ta shiga, kana ciki.

Maman Sadik: A kuma yi lissafin asuba. A nan Kaduna ana kiran salla tsakanin wajen biyar da biyar da rabi, gwargwadon wata, don haka a saita ƙararrawa ta biyu. Dare biyu a mako ya isa. Mai fama da rashin barci ko ciwon ƙwaƙwalwa, da direban da zai kama hanyar Zariya ko Abuja da sassafe, kada su tsinka barcinsu saboda wannan.

Baban Amira: Na sauka daga ƙarfe goma. Amma barcin ƙailula fa, ba zai maye gurbin tashin ƙarfe uku ba?

Kawun Yara: Yana yi wa wasu, idan ka samu awa ɗaya da rabi da ɗaki mai sanyi. A zafin Maris da Afrilu, in ba wuta, gumi zai tashe ka kafin ka kai REM.