Leƙa fayil ɗin mai biyan haraji: laifi ne ko son sani kawai?

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum. Wani abokin aikina ya buɗe fayil ɗin harajin surukinsa a kwamfutar ofis, ya duba, ya rufe. Bai kwafa ba, bai faɗa wa kowa ba, amma ga shi an ba shi takardar tuhuma. Ni dai a ganina an tsananta, tunda ba wanda ya cutu.

Hajiya akanta: Malam, an cutu mana! Bawan Allahn nan ba don raɗin kansa ya miƙa bayanansa ba, doka ce ta tilasta masa. Gobe idan maganar rance ta haɗa su, abokinka ya san abin da ke aljihunsa, shi kuwa bai ma san asirinsa a buɗe yake ba.

Wani matashi: Hajiya, ai ofis ne ya ba shi lambar sirri. In ba a so ya gani, sai a toshe masa. A Norway ma kowa na iya duba harajin maƙwabcinsa.

Tsohon ma'aikaci: Ɗana, ka ɗauko rabin labari. Tun 2014, duk wanda ya duba naka a Norway, za ka ga sunansa. Kuma jimillar kuɗin shiga da dukiya da haraji ake nunawa, ba fayil ɗungurungum ba. A Amurka kuwa, tun 1997 leƙen kansa laifi ne ko da ba a fitar da komai ba: ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, ga kora daga aiki. Na taɓa ganin yadda ake bincikawa. Takarda ɗaya ake ajiye maka a kan tebur, ga sunanka, ga ranar, ga mintin da ka buɗe. Sai a ce, wane aiki ya kai ka nan?

Wani matashi: Na ji, Baba. Amma kullum ƙaramin ma'aikaci ake dannewa. A 2007 hukumar harajin Birtaniya ta ɓatar da faifai biyu masu ɗauke da bayanan mutum miliyan 25.

Tsohon ma'aikaci: Nan kam ka yi gaskiya, har shugaban hukumar ya ajiye aiki. Sai dai sakacin ofis ba ya wanke wanda ya buɗe da gangan.

Mai buɗe zance: To surukin fa, a sanar da shi? Gida zai iya rikicewa.

Hajiya akanta: A sanar da shi, Malam. Da nawa aka buɗe, wallahi zan so in sani.