Neman shawara: ejen AI ya kai ni ya baro wajen binciken log, ya zan tsara masa aiki?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ina neman shawara. Ni ke kula da sabar guda uku a wajen aikinmu, kusan sati biyu kenan kullum da tsakar dare manhajarmu sai ta tsaya, nginx (manhajar da ke karɓar buƙatun masu shigowa) ya riƙa ba mutane kuskuren 502, bayan minti kaɗan ta dawo da kanta. Sai na haɗa ejen AI na zuba masa log (fayil ɗin da ke rubuta abubuwan da suka faru) na nginx da na manhajar da na PostgreSQL (rumbun bayananmu) gaba ɗaya, na ce ya nemo min dalili. Ko minti ɗaya bai yi ba ya ce matsalar daga rumbun bayanai ne, saboda ya ga layin "too many clients already", in ƙara max_connections, wato iyakar haɗin da rumbun ke karɓa lokaci guda. Na ɗaga shi daga 100 zuwa 300, na kwana biyu ina fama, abu bai canza ba. Ranar da na zauna da kaina ƙarfe biyun dare na buga dmesg (umarnin da ke nuna saƙonnin kanel, wato zuciyar Linux) sai ga "Out of memory: Killed process" ɓaro-ɓaro, ashe memori ke ƙarewa Linux ya kashe manhajar, in ta tashi kuma sai ta buɗe haɗi da yawa lokaci guda. Wallahi abin ya min ciwo, don da ƙarfin gwiwa ya faɗa kamar ya gani da idonsa. Ban so in watsar da shi don yana da saurin karatu, amma ta yaya zan tsara masa matakan da zai riƙa bi, kuma ta ya zan gwada in san ya isa a yarda da shi?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam. Ƙanena laifin ba nasa ne shi kaɗai ba fa, kai ma ba ka ba shi log ɗin kanel ba, to a ina zai ga kisan? Abin da ka ba shi a ciki zai yi ta lalube, kuma waɗannan abubuwan ba su iya cewa "ban sani ba" sai in ka buɗe musu ƙofar. Ni abin da nake yi, ba na zuba masa fayil sukutum, don wurin karatunsa yana da iyaka kuma in ya yi yawa abin da ke tsakiya yakan shige masa. Na rubuta masa ne kamar yadda zan rubuta wa sabon yaro a ofis: fara da lokacin da kuskure ya soma, ka yanko minti 10 kafin da minti 10 bayan, ka duba na kanel da journalctl -k tukuna, sannan manhaja, sannan rumbun bayanai. Layukan da suka maimaita kansu sau dubu a dunƙule su zama ɗaya da adadinsu. Sannan dokar da ba na sassautawa, duk abin da ya ce shi ne dalili sai ya kawo ainihin layin da sunan fayil da lokacinsa, ni kuma ina da ɗan sikirif da ke yin grep (binciken rubutu a cikin fayil) ya tabbatar layin yana nan da gaske, don na taɓa kama shi ya ƙirƙiro layin da babu shi. In babu hujja ya rubuta "babu isasshen bayani" ya faɗi log ɗin da yake buƙata.

Batun gwaji kuwa, ai kana da zinariya a hannu yanzu. Wannan matsalar ka san amsarta, ajiye log ɗin daren nan. Tattaro tsofaffin matsalolin da kuka riga kuka warware, ko guda goma ne, duk sanda ka taɓa umarninsa ka sake bi da shi ta kansu ka ga nawa ya ci. Ka sa har da daren da babu abin da ya faru, in ya samo "dalili" a nan to ka san akwai sauran aiki. Kuma kowanne ka maimaita kamar sau uku, don amsarsa tana canzawa.

Amsa ta biyu:
Malam ka duba agogon sabar ɗinka? Ina zargin ba lokaci ɗaya suke rubutawa ba.

Mai tambaya:
Kai! Yanzu na duba, na rumbun bayanai yana UTC (agogon bai-ɗaya na duniya) sauran biyun suna gaba da awa ɗaya. Shi ya sa layin PostgreSQL ya fito kamar shi ya riga faruwa. Allah ya saka da alheri.

Amsa ta uku:
Ɗan uwa ni ta ɓangaren tsaro zan yi magana, don shi ne aikina kuma nan mutane suka fi sakaci. Log ba naka ne kai kaɗai ke rubuta shi ba, duk wanda ya turo buƙata zuwa sabar ɗinka yana iya sa abin da ya ga dama a User-Agent (wurin da mai turo buƙata ke rubuta sunan burauzarsa) ya shiga fayil ɗin. Wanda ya ga Log4Shell (raunin tsaro a Log4j, wata manhajar rubuta log) a Disamban 2021 ya san rubutun cikin log zai iya zama makami. To ejen ma haka, wani zai iya rubuta umarni a ciki shi kuma ya karanta ya ɗauka daga gare ka ne. Don haka izinin karatu kawai za ka ba shi, kar ya iya goge komai ko ristat ɗin wani abu sai ka amince da hannunka. Kuma kafin log ya fita daga sabar ka share faswod da tokin (mabuɗin shiga) da imel ɗin mutane. A cikin gwajin da Yaya ya faɗa a sama ka cusa layi ɗaya mai irin wannan umarnin da gangan ka ga ko zai bi.

Amsa ta huɗu:
Ni gaskiya sabar uku ban ga abin kiran AI ba, da ka sa faɗakarwa a kan memori a Grafana (manhajar sa ido kan sabar) da tun daren farko ka gani. In a cikin Docker kake gudanar da manhajar ma, lambar fita 137 (alamar an kashe ta da ƙarfi) ta isa ta sa ka zargi memori.

Mai tambaya:
Gaskiyarka Malam, faɗakarwar na saka ta yau. Amma dai zan ci gaba da ejen ɗin don mu biyu ne kacal a sashen kuma ba kullum nake farke ba. Na mayar da agogo duka UTC, na samo tsofaffin matsaloli shida da na tuna amsarsu, na bi da shi ta kansu da sabon tsarin ya ci huɗu, biyun da ya faɗi duka na cikewar diski ne saboda ban ba shi sakamakon df (umarnin da ke nuna sararin diski) ba. Yaya, shi wannan a matakin farko kake sa shi tare da na kanel, ko sai ya nema?